Matambayi Ba Ya Ɓata: Koyarwa ta Hanyar Bincike a Makarantun Ƙasar Gobir

A galibin azuzuwanmu na firamare malami ne mai tambaya, kuma ya riga ya san amsar. Ya faɗa, yara su maimaita da ƙarfi, ya ce "Kun gane?", su ce "E, Malam!" Da'awar wannan maƙala ita ce, a Kamarawa da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, inda littattafai suka yi ƙaranci kuma babu ɗakin gwaje-gwaje, barin ɗalibi ya yi tambaya ya bi sawunta da kansa shi ne hanyar koyarwa mafi araha, mafi kama zuciya.

Masana ilimi kan danganta wannan hanya da John Dewey, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Chikago ta Amurka a 1896. Sai dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ɗaya daga cikin fitattun rubuce-rubucen Shaihu Al-Maghili amsoshi ne ga tambayoyin Askiya Muhammadu na Songai, kuma har gobe a karatun zaure ɗalibi kan kawo mas'alar da ta shige masa duhu, malami ya warware. Bahaushe ma cewa ya yi tambaya rabin ilimi.

A ɗauki darasin kimiyya a aji biyar. Yarinya ta ce, "Malam, me ya sa rijiyar fadama ruwanta kusa, ta tudu kuwa sai an ƙara igiya?" Maimakon malami ya ba ta amsa, sai ya raba yaran rukuni-rukuni. Wasu su auna igiyar guga a rijiyoyin unguwanninsu, gaba nawa kafin ta taɓa ruwa. Wasu su huda gindin gwangwani biyu, su cika ɗaya da yashin jigawa, ɗaya da lakar fadama, su zuba wa kowane ruwa ludayi guda, su ga wanda zai fara ɗiga. Washegari kowane rukuni ya rubuta abin da ya samo a allo, a yi muhawara. A zama biyu an yi lissafi, an yi kimiyya, an yi rubutu, ba a kashe ko sisi ba.

Darasin tarihi ya fi wannan daɗi, domin kufan Alkalawa, tsohuwar hedikwatar Gobir, yana cikin wannan yanki. Littafi zai gaya wa yaro cewa dakarun jihadi sun ci birnin a 1808, kuma a nan Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. Kakarsa Bagobira kuwa tana da nata labarin, na yadda Gobirawa suka sake zama a Tsibiri, daga baya wasu suka kafa Sabon Birni. Yaron da ya jera ruwayoyin biyu ya tambayi kansa wa ya faɗa, a ina ya ji, ya fara aikin masanin tarihi ke nan.

Akwai masu suka, kuma sukar tasu na da nauyi: aji ya cika maƙil, jarrabawa na neman hadda, matsalar 'yan bindiga ta hana yawon gani da ido, sannan tarbiyyarmu na ɗaukar yawan tambaya rashin kunya. Amma cunkoso shi ya fi buƙatar aikin rukuni. In hanya ba ta biyuwa, a gayyato dattijo cikin aji. Hadda kuwa tana nan da muhallinta, domin wanda bai haddace jadawalin sau ba zai sha wuya wajen auna rijiya. Babban cikas yana ga malamin da ke jin nauyin cewa "Ban sani ba, mu bincika."

Saboda haka gyaran daga horar da malamai zai fara. Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha su riƙa auna malami da irin tambayoyin da ɗalibansa ke yi, kamar yadda ake auna shi da sakamakon jarrabawarsu.