Salwar Amurka: Tsuntsuwar Da Wuta Ke Rayawa

Wannan makon zan ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, in kawo muku tarihin wata 'yar tsuntsuwa ta ƙasar Amurka, domin kuwa tun ranar da na karanta labarinta ya tsaya mini a rai, har na ga bai kamata in ci ni kaɗai ba.

Turawa suna kiranta bobwhite, saboda in namijin ya yi fito da bazara sai ka rantse wannan kalmar yake faɗi. Dangin salwa ce, ba ta kai makwarwa girma ba. Garke-garke suke yawo, goma zuwa goma sha biyar, in dare ya yi su kwanta a da'ira, wutsiya ciki kai waje, don ɗumi da tsaro. A ƙasa take sheƙa, ta saka ƙwai sha biyu ko fiye, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 23. To amma cikin kowace goma, kusan takwas ba sa cika shekara a raye, ko an yi farauta ko ba a yi ba. Ka ga ke nan rayuwar jinsin duka ta rataya ne a kan samun wurin hayayyafa kowace shekara.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, manyan gonakin audugar da bayi ke nomawa a kudu suka rarrabu ƙanana-ƙanana, talakawa baƙaƙe da farare suna noma-mu-raba da masu ƙasa. Ga gona ƙarama, ga shinge, ga saura, ga ciyawa a kan iyaka, kuma duk ƙarshen hunturu sai a cinna wa daji wuta. Babu wanda ya yi haka don tsuntsu, amma sai abin ya zamar wa salwa aljannar duniya, ta yaɗu ko'ina. Attajiran arewacin ƙasar suka dinga sayen filaye tsakanin garin Thomasville na jihar Jojiya da Tallahassee na Filorida, suna zuwa farauta bisa dawakai da kekunan alfadarai, karnuka a gaba suna nuna inda garke ya ɓuya.

Sai dai kash! Ana shiga shekarun 1920 suka ga tsuntsayen suna ja baya. Suka haɗa kuɗi tare da hukuma, a 1924 aka ɗauko wani mutum mai suna Herbert Stoddard ya binciko dalili. Bawan Allahn nan ko sakandare bai gama ba, daji ne makarantarsa. A 1931 ya fitar da littafinsa, abin da ya gano kuwa bai yi wa jami'an gandun daji daɗi ba, domin su kullum wa'azinsu wuta abokiyar gaba ce. Shi kuwa ya nuna hana ƙunar daji na cikin manyan abubuwan da ke kashe salwa. Dalili shi ne, ɗan tsakonta bai fi babban yatsa ba, yana bukatar fili a ƙasa inda zai taka ya kama ƙwari, da ciyawa a samansa ta rufe shi daga shaho. In aka shekara uku ko huɗu ba wuta, busasshen ganye da ƙirare su toshe ƙasa, itatuwa su rufe rana, tsiron da ke ba da iri ya mutu. A 1958 shi da abokansa suka kafa cibiyar bincike ta Tall Timbers a wannan yankin, wadda har yau take aiki.

Gargaɗinsa bai hana abin da zai faru faruwa ba. Daga 1910 zuwa 1970 baƙaƙen fata wajen miliyan 6 suka bar kudu suka nufi birane. Bayan yaƙin duniya na biyu tarakta da injin tsintar auduga suka shigo, aka ture shinge aka haɗe gonaki, maganin feshi ya share ciyawa da ƙwari. Makiyaya suka shuka baƙuwar ciyawa mai kama ƙasa kamar tabarma, kamfanonin katako suka dasa itatuwa a cunkushe, gwamnati kuma tun 1944 ta ɗauki yekuwar hana wutar daji gadan-gadan. Kowane ɗaya ci gaba ne a idon mai shi, amma a haɗe sun rushe gidan salwa. A 1966 aka fara ƙidayar tsuntsaye ta shekara-shekara, kuma a 2007 ƙungiyar Audubon ta bayyana cewa cikin shekara 40 salwar ta ragu da kashi 82 cikin ɗari, daga wajen miliyan 31 zuwa miliyan 5 da rabi.

Mai karatu zai ce ai mafarauta ne suka cinye ta. Ni ma haka na zata da farko. Gaskiya ne inda tsuntsaye suka yi kaɗan, yawan harbi yana ƙarasa su. Amma abin mamaki, inda ta fi yawa a kudu maso gabas a yau shi ne filayen farautar nan na Jojiya da Filorida, inda ba a daina ƙuna bisa tsari ba. Kuma tun dokar 1937, harajin bindiga da harsashi jihohi ake ba su kula da namun daji. An gwada kiwata a keji a saki a daji, miliyoyi, amma wadda ta tashi a keji ba ta san shaho ba, 'yan makonni sai labari.

Da aka gane gyaran gida shi ne magani, sai aka koma kansa. A 2002 hukumomin jihohi suka haɗu suka fitar da shiri guda na farfaɗo da ita. A 2004 gwamnati ta fara biyan manoma su bar gefen gona ya yi ciyawar asali. A 2005 aka kafa ƙungiyar Quail Forever. Jihar Pennsylvania, wadda salwar ta ɓace mata ƙurmus, sai da ta shafe shekaru tana sara da ƙuna a filin sojoji na Letterkenny, sannan a 2024 ta kawo na daji daga wasu jihohi ta saki. Inda aka gyara fili mai faɗi tsuntsaye suna dawowa, amma a faɗin ƙasar ba su koma kusa da yadda suke a da ba.

Kada wani ya ce na ba da fatawar banka wa daji wuta. Tasu ƙunar da lokaci ake yi, yanki-yanki, a bar wani wurin don mafaka. Abin da ya taɓa ni shi ne, ba da mugunta aka kori tsuntsuwar nan ba, da gyara aka kore ta, kuma sai da fitonta ya ɗauke kafin mutane su farga. Ni dai da na gama karatun sai na tambayi kaina, yaushe rabon da in ji kukan makwarwa a bayan garinmu? Na kasa tunawa.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu ci gaba da labarinmu. Wassalam.