Keken Kaka da Haruffa Biyun da Datti Ya Rufe

A babban hutun bara na koma gida Maraɗi, na tarar an fiddo keken ɗinkin kakanmu daga ɗakin tarkace an jingine shi a zaure. Baƙi ne, ƙarfe zalla, zanen ruwan zinarin da ke jikinsa duk ya koɗe, sai dai sunan Singer da ke iya karantuwa da ƙyar. Tun da Kaka ya rasu ba wanda ya sake taka shi. Kawu ne ya fiddo shi, don wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya taya jikka bakwai. Inna ta ce ita ba ta yarda ba, da wannan keken aka ciyar da su, da shi aka yi masu kayan aure. Kawu ya ce to ai ciyarwar ta ƙare, yanzu wuri kawai yake tsarewa.

Na ce, "Kawu, don Allah ka ba ni wata guda in bincika tarihinshi."

Ya dube ni ya yi dariya. "Ke ɗiyar ga, mi za ki gano ga tsohon ƙarhe? To na ba ki. In watan ya cika ba ki kawo magana ba, shi tahi."

Abin da gidanmu ya sani game da keken bai wuce jimla ɗaya ba: Kaka ya sayo shi a Kano da kuɗin gyaɗa, tun kafin a samu ƴancin kai. Babu rasit, babu hoto, babu wanda ya riƙe shekarar. Ni kuwa kimiyyar harshe nake karantawa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ban san komai ba a kan ƙarfe. Amma na saba da bin sawun kalma, sai na ɗauka bin sawun keke ba zai fi ƙarfina ba.

A daren farko na sayi forfe na shiga intanet. Nan na ga cewa kamfanin Singer yana buga wa kowane keke lamba a gadonsa ta hannun dama, kuma wata ƙungiyar masu tara tsofaffin kekunan ɗinki, ISMACS, ta baje jerin lambobin da shekarunsu. Na haska fitilar waya, na karanta lambobi shida, na duba jerin. Lamba mai wannan tsawo, wadda ba harafi a gabanta, ta faɗa farkon shekarun 1870. Ban yi barci ba don murna. Da safe na shaida wa kowa cewa keken Kaka ya kai shekara ɗari da hamsin. Inna ta ce Allahu akbar. Kawu ma ya yi shiru, ya fara tunanin ko Turawa za su saya da tsada. Na tura labarin ga ƴan ajinmu, wasu har da tafi.

Kwana uku bayan haka na ɗora kan keken a amalanke zuwa wurin wani tsoho mai gyaran keken ɗinki a kasuwa. Ya saurari jawabina har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya jiƙa tsumma da kananzir ya goge gefen lambar. Tsohon mai da ƙura suka fita, sai ga haruffa biyu sun bayyana a gaban lambobin: EJ.

Ya ce, "Ɗiyata, ni ban yi lakkwal ba. Amma irin wanga keke na gyara ya hi ɗari. Shekara ɗari da hamsin? A'a. Wanga tsaran babban wana ne."

Kunya ta rufe ni. Na koma jerin, na ga lambobin da suka fara da EJ na 1953 da 1954 ne, kuma na masana'antar Singer ta Sikotland. Haruffa biyu sun zaftare shekara tamanin daga tarihin da na yi ta shela. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da na karanta tarihin keken ɗinki kafin in buɗe baki, da ni da kaina na gane kuskuren. Ga tarihin a taƙaice, ku gani.

A 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya sami takardar mallakar wani keke mai ɗinki da zare guda, irin ɗinkin sarƙa da ke warwarewa in an ja bakin zaren. Ya buɗe shago a Paris da keke wajen tamanin ana ɗinka kayan soja. A 1831 teloli masu ɗinkin hannu suka afka wa shagon suka farfasa kekunan, don tsoron kada sana'arsu ta mutu. Ya rasu a 1857 cikin talauci. A Amurka kuma, Elias Howe ya sami tasa takardar a 1846, kan keke mai zare biyu: na sama yana bi ta allura mai kafa a tsininta, na ƙasa yana fitowa daga wani ɗan ƙarfe mai kai-komo, su sarƙe a tsakiyar yadi. Wannan ɗinkin ne muke sanye da shi har yau. Isaac Singer ya zo da nasa a 1851, Howe ya kai shi kotu, ya kuma yi nasara a 1854. A 1856 manyan masu ƙera keke suka gaji da shari'a, suka haɗa takardunsu wuri ɗaya. A shekarar ce kuma abokin kasuwancin Singer, lauya Edward Clark, ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan, wanda ya shigar da keke gidajen da ba za su iya biya gaba ɗaya ba.

Da kasuwa ta buɗe, kamfanin ya fara haɗa keke a Glasgow a 1867, daga baya ya gina ƙatuwar masana'anta a Kilbowie, cikin Clydebank, wadda aka kammala a 1885 aka rufe a 1980. Kekunan da suka fito daga can suna ɗauke da harafin K a sunan samfurinsu. Na Kaka samfurin 15K ne, shi kuwa samfurin 15 asalinsa daga 1879 yake. Kun ga ke nan na ba keken shekarar da ko kakan samfurinsa ba a ƙirƙira ba. Lamba kawai na duba, ban tambayi sauran jikin keken ko ya yarda ba.

Sabuwar shekarar kuwa ta zauna daidai da maganar gida. Jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano tun 1912, kayan Ingila na hawowa, gyaɗa na gangarawa. Maraɗi ta zama babbar cibiyar cinikin gyaɗa, kuma bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 garin ya tashi daga fadama ya hau tudu, sababbin unguwanni na buƙatar masu sana'a. Saurayin da ya tara kuɗin gyaɗa a tsakiyar shekarun 1950 ya nufi kantunan Kano ya sayo keken Sikotland, wannan labari ne da ke tsayawa da ƙafarsa. Ƴancin kai sai 3 ga Agusta 1960. Jimlar nan guda ta bakin Inna ta fi lissafina na farko gaskiya.

A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata a riƙe: shekarar da ke cikin jerin ita ce ranar da kamfani ya ware rukunin lambobi ga wani samfuri. Keken na iya fitowa bayan watanni, ya kuma daɗe a jirgin ruwa da kanti kafin ya sami mai saye. Don haka abin da zan iya cewa shi ne Kaka bai sayi keken kafin 1953 ba. Ranar sayen kam, ta tafi tare da shi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo. Cikin mako biyu na tara abubuwa da yawa: hotunan allo fiye da ɗari, adireshin shafuka da nake tura wa kaina ta WhatsApp, littafin koyar da aiki da samfurin 15 da na gani a wani wuri na ce zan dawo in sauke. Da muka koma karatu na kai wa wani malaminmu daftarin wannan rubutu. Ya ɗora bik a kan jimla ɗaya ya ce, "Daga ina kika samo wannan?" Na buɗe waya. Hoton na nan, amma na yanke samansa, babu sunan shafi, babu marubuci. Adireshin littafin kuma da na latsa, shafin ya ɓace. Bayan sati guda wayar ta faɗa bokitin wanki, ta tafi da rabin abin da ya rage.

Daga nan na sake tsari, kuma shi nake son in ba ku, don ko mai binciken keke ne kai ko mai binciken waƙoƙin fada, ramin ɗaya ne. Na sayi kaye na musamman. Kowane abu na samu, ina ba shi lamba in rubuta abu biyar: wanda ya rubuta, sunan rubutun, shekararsa, cikakken adireshi, da ranar da na duba. Ba na barin saukewa sai gobe. In abu ya yi mini amfani, a take nake mayar da shi PDF. Sunan kowane fayil yana farawa da lambarsa ta kaye, sai shekara, sai kalma biyu na bayani, yadda zan gane shi ba sai na buɗe ba. Shafin da nake tsoron ɓacewarsa ina adana shi a Wayback Machine na Internet Archive, wanda kowa ke iya amfani da shi kyauta tun 2001. A can ma na sake tsintar littafin da ya ɓace mini. Mai kwamfuta na iya sa Zotero ya riƙe masa duk wannan, shi ma kyauta ne. Kofi uku nake ajiyewa: a waya, a kile, sannan shafukan da suka fi muhimmanci in buga su a takarda, don takarda ba ruwanta da ɗaukewar wuta ko ƙarewar forfe.

Sai kuma na raba abin da na tara gida uku. Akwai abin da ya fito daga zamanin kansa, kamar takardun mallaka da littattafan kamfani da jikin keken. Akwai abin da masu bincike suka rubuta tare da nuna hujja. Akwai kuma "an ce", wanda wani ya kwafa daga wani ba tare da tushe ba. Shafi goma da suka maimaita magana ɗaya, sau da yawa shafi guda ne mai baki goma.

Abin da ya fi ƙayatar da ni kuwa ba a intanet na same shi ba. Na koma wurin tsohon nan da kayena na ce, "Baba, ka faɗa mini sunan kowane ƙarfe." Ya nuna ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa ya ce ƙwarƙwaro. Ya nuna gidansa ya ce ƙoshiya. Waɗannan kalmomin masaƙa ne, sun girmi keken ɗinki nesa ba kusa ba. A ganina, telolin farko sun kalli baƙon ƙarfen nan da idon masaƙa, suka ga zare na kai-komo kamar a saƙa, suka ba shi sunayen da suka sani. Allura da almakashi daga Larabci muka aro su tun da daɗewa. Tela daga Ingilishi yake, ya zo ya zauna kusa da maɗinki. Keke kuma masana na danganta shi da Yarbanci, hanyar da kayan ma suka biyo daga kudu. Yanzu a Yamai na ji samarin teloli na cewa kanet da nabet, daga Faransanci. Keke ɗaya, harshe biyar a jikinsa.

Tsohon ya kuma nuna mini wani abu. Ya zaro ƙwarƙwaro daga sabon keke Butterfly na ƙasar Sin, ya sa a na Kaka, ya shiga daram. Dalili shi ne bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Japan, sannan na Sin da Indiya, samfurin 15 suka yi ta kwaikwayo. Shi ya sa keken 1953 ba ya rasa kayan gyara a kasuwar Maraɗi. Sabuwar igiya, mai, da allura, jikka uku da rabi duka. Ya taka, keken ya ɗauki ƙara kamar jiya aka ajiye shi.

Kawu bai ji daɗin raguwar shekarun ba, ya ce ashe ba na Turawan da ba ne. Amma da ya ga ɗinkin da ya fito, ya juya ƙyallen gaba da baya, ya ce a kai shi ɗakin ƙanwata da ke koyon ɗinki. A kansa ta yi kayan sallar yaran gida.

Ƴan'uwa na Damagaram da Tawa da Dogondutsi, ga roƙona. In akwai tsohon keke a gidanku, ku goge lambar da kananzir kafin ku karanta, ku rubuta ta tare da haruffanta. Ku tambayi tsofaffi wa ya saya, a ina, da kuɗin me. Ku tambayi mai gyara sunayen ƙarafan da bakin garinku, ku rubuta yadda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. Jerin lambobin Singer wasu sun riga sun adana shi a wurare da yawa, amma kalmomin tsohon nan na kasuwa ban ga inda aka tara su ba, shi kuma ya haura saba'in. Kayena yana da sauran shafuka, ku kawo naku a taronmu na gaba mu haɗa.