Lauyan Kaduna da ya bi ƙuri'a tun daga titi har cikin INEC



Ranar Asabar na shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Gumi, sayen yadi. Ana cikin ciniki sai hira ta koma kan zaɓe. Wani dattijo mai shago ya ce da ni, "Ɗana, ƙuri'a fa ba ta taɓa gyara komai ba." Maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa yau na kawo muku tarihin wani lauyan garin nan, Festus Okoye.

Okoye Inyamuri ne, amma a Kaduna ya yi aikin lauya, a nan kuma ya jagoranci ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Monitor. A zaɓen 2003 shi ne shugaban TMG, gamayyar ƙungiyoyin da ke sa ido a rumfunan zaɓe suna fallasa maguɗi.

Sai zaɓen 2007, wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa akwai kurakurai a cikinsa. Ya kafa kwamitin mutum 22 ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ɗan Zariya. Okoye na ciki, Farfesa Attahiru Jega ma na ciki. Sun miƙa rahoto a Disambar 2008.

To, me aka ɗauka? A gyaran tsarin mulki na 2010, an ba INEC damar karɓar kuɗinta kai tsaye daga asusun tarayya, an kuma sa wa kotun sauraron ƙarar zaɓe wa'adin kwana 180. Kafin nan, shari'a kan ja har mutum ya ci shekaru a kujerar da ba tasa ba. Amma babbar shawarar, cewa majalisar alƙalai ta ƙasa ce za ta tantance shugaban INEC, ba shugaban ƙasa kaɗai ba, gwamnati ta ƙi ta.

A 2018 Buhari ya naɗa Okoye kwamishina a INEC, ya zama bakin hukumar. Da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa shafin IReV a Fabrairun 2023, shi ya fito yana bayanin tangarɗar na'ura. Wanda jiya yake tuhuma, yau shi ake tuhuma. Wasu sun ce ya ba da kai, wasu sun ce gyara sai daga ciki.

Ni dai da zan koma wajen Baba mai yadi, zan ce masa: kwana 180 ɗin nan ba daga sama suka faɗo ba, wasu ne suka yi shekaru suna naci. Ku fa, me kuka gani? Ku rubuto mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.