wuski

wuskī̀ (ko wiskī̀) *sn., nm.*, ba jam. [daga Ingilishi, asali Gelik *uisge beatha*, "ruwan rai"]

1. Barasa mai ƙarfi da ake tatsa daga hatsi, a ajiye ta ta kwana a gangar itace. *Mis.* kwalbar ~. Ya tsiyaya ~ a kofi. A Musulunci haramun ne, kamar kowace barasa.

2. ~n Sikotilan: wanda aka tatsa a Sikotilan ya kuma shekara aƙalla 3 a ganga, ƙarfinsa ba ya gaza kashi 40 cikin 100.

3. ~n tsiro na gida ɗaya: na tsiron sha'ir da ruwa zalla, daga matata guda, a tukunyar jan ƙarfe. Shi masu sha'awa suka fi darajantawa, don kowace matata da irin ƙanshinta. A Sikotilan, na tsibirin Islay (Laphroaig, Lagavulin) yakan yi ƙaurin hayaƙi, saboda da ƙasar fadama mai cin wuta ake busar da tsiron. Na yankin Speyside (Glenfiddich) ya fi laushi da zaƙi. *Mis.* ~ ɗan shekara 12 (ana ƙirga mafi ƙarancin shekaru a cikin kwalbar). *Kish.* gauraye.

4. ɗanɗanon ~: sha'awar bambance iri-iri. A duba launi, a shinshina a kofi mai tsukakken baki, a kurɓa kaɗan, a ɗiga ruwa, a sake kurɓa. *Mis.* yana rubuta ɗanɗanon kowane ~ a littafi.

*Dang.* ɗanɗànā *fi.*, ɗanɗanō *sn., nm.* *Dub.* barasa, giya, tsiro.