"Majalisa Ta Ce": Yadda Ekklesiyarmu Ta Koyi Yanke Shawara



Akwai kalmomi uku da muke yawan ji a lokacin sanarwa ranar Lahadi: "Majalisa ta ce." Majalisa ta ce an canja wa Fasto wurin aiki. Majalisa ta ce kowace gunduma za ta kawo kaso kaza. Wani lokaci mu yi tafi, wani lokaci mu yi gunaguni a bakin ƙofar majami'a. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambaya: wace ce wannan majalisa, daga ina ta samo ikonta, kuma yaushe iyayenmu suka fara zama a cikinta? Waiwaye adon tafiya ne, saboda haka yau za mu duba tarihin Ekklesiyar Kristi a Nijeriya Lutheran, wato LCCN, ta wannan fuska.

A farko babu wata majalisa tamu. A shekarar 1911 waɗansu masu bi a ƙasar Danmak suka kafa reshensu na mishan ɗin SUM, wanda Karl Kumm ya fara a 1904. A 1913 suka aiko Dokta Niels Bronnum da matarsa Margaret da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose. Margaret ba ta ga Numan da idonta ba, gama ta rasu a Rumasha bayan haihuwa. Bronnum ya ci gaba shi kaɗai har ya iso Numan a wannan shekara. Daga nan har tsawon shekaru masu yawa, manyan shawarwari a hannun 'yan mishan suke: inda za a buɗe tasha, wanda za a tura aikin bishara, yadda za a kashe kuɗi. Su ke zama su tattauna, su kuma aika da rahoto ga shugabanninsu a Danmak. Kakanninmu su ne malaman makaranta da masu bishara da suka kai Maganar Allah ƙauyuka da ƙafa, amma kujerar shawara ba tasu ba ce tukuna.

Abu biyu suka fara sauya wannan hali. Na ɗaya shi ne harshe. Bishara ta bazu daga Bachama zuwa Mbula, Lunguda, Kanakuru, Yungur, Kilba, Chamba da sauransu, kowa da yarensa. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, sai Hausa ta ƙara zama gadar da ta haɗa su. Mutumin Guyuk da na Hong da na Numan suka iya zama a benci ɗaya, su yi gardama, su fahimci juna, su rufe da addu'a. Majalisa ba ta yiwuwa sai mutane suna jin maganar juna. Na biyu shi ne naɗin fastoci. A 1948 aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa, shekara 35 bayan isowar Bronnum. Mutumin da aka ba shi ikon yin baftisma da raba Jibin Ubangiji, da wuya a ce masa ba shi da bakin magana a kan al'amuran ekklesiya.

A tsakiyar shekarun 1950 aka tsara ekklesiya ta tsaya da ƙafafunta, da nata tsarin mulki da nata suna, Ekklesiyar Kristi a Sudan Lutheran. A 1955 kuma ta haɗa kai da 'yan'uwanta da suka fito daga aikin mishan wajen kafa TEKAS, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda muka sani yau da TEKAN. Duk da haka shugaba na farko ɗan mishan ne daga Danmak. Sai a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, aka zaɓi Fasto Akila Todi ya zama shugaba ɗan ƙasa na farko. Mu lura da kalmar: zaɓensa aka yi. Ba gado ya yi ba, ba kuma daga Turai aka aiko da sunansa ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1961, ekklesiya ta shiga Tarayyar Lutheran ta Duniya da sunan kanta.

Wannan tsari yana da saiwa a koyarwar Lutheran tun asali. A 1520 Martin Luther ya koyar cewa duk wanda aka yi wa baftisma yana da rabo a cikin firistanci. A 1523 ya rubuta cewa taron masu bi yana da iko ya auna koyarwa da Maganar Allah, ya kuma kira mai koyar da shi. Shaidar Bangaskiya ta Augsburg, ta 1530, ta ƙara da cewa kada kowa ya ɗora wa kansa aikin wa'azi a fili sai an kira shi bisa ƙa'ida. Ga gefe biyu na abu ɗaya: jama'a suna da murya, amma akwai tsari. Shi ya sa majalisunmu suka haɗa fastoci da waɗanda ba fastoci ba, kuma wakilci yake hawa daga ikkilisiyar gida zuwa gunduma, har ya kai Babbar Majalisar Ekklesiya.

Shawarwarin da suka fi nauyi a tarihinmu sun shafi siffar shugabanci. A 1973 aka keɓe Akila Todi ya zama bishop na farko. Wannan babban mataki ne, domin da yawa daga cikin ekklesiyoyin da muke tarayya da su ba su da bishop, shugaba kawai suke da shi. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka cire "Sudan" daga sunan ekklesiya aka sa "Nijeriya". David Windibiziri ya gaji Todi a 1987. A zamaninsa ekklesiya ta yi girma har bishop ɗaya bai isa ya zaga ta ba, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka yanke shawarar raba ta zuwa dayosis-dayosis, kowace da nata bishop, shi kuma ya zama Babban Bishop na farko. Sunayen Todi da Shall Holma da waɗansu dayosis suke ɗauke da su a yau, tuni ne ga iyayen da suka fara aikin.

Wannan shawara ba ta kwanta wa kowa a rai ba. Waɗansu suka ga cewa tsarin zai kawo kiwo kusa da tumaki. Waɗansu kuma suka ji tsoron iko zai taru a hannun mutane kaɗan, suka ƙi shi. Aka sami rabuwa tsakanin masu dayosis da marasa dayosis, wadda ta ɗauki shekaru, ta shiga har cikin gidaje. Mutanen da aka yi musu baftisma a ruwa ɗaya suka daina sujada tare. Ba mu kawo wannan don mu fama tsohon miki ba, ko mu ɗora wa wani laifi. Mun kawo shi ne domin mu ga tsadar abin. Shaidar Augsburg ta koyar cewa abin da ya wajaba domin ɗayantakar ekklesiya shi ne a yarda a kan Bishara da kuma Baftisma da Jibin Ubangiji. Tsare-tsaren da mutane suka kafa ba dole su zama iri ɗaya ko'ina ba. Ke nan ba a kan hanyar ceto aka rabu ba, a kan tsarin gudanarwa ne. Ƙuri'a takan raba gardama a zauren taro, amma ba ta warkar da zuciyar wanda ya ji ba a saurare shi ba.

Duk da haka Allah bai bar aikinsa ba. Nemuel Babba ya karɓi ragama a 2002. A 2016 aka zaɓi Musa Panti Filibus, ya kama aiki a 2017. A watan Mayu na wannan shekara, a birnin Windhoek na Namibiya, wakilan Lutheran na duniya suka zaɓe shi shugaban Tarayyarsu, ɗan Afirka na biyu bayan Josiah Kibira na Tanzaniya. A 2023, a Krakow ta ƙasar Poland, ya miƙa kujerar ga Bishop Henrik Stubkjaer, mutumin Danmak. Ekklesiyar da a dā ake yanke mata shawara daga Danmak, ita ce ɗanta ya miƙa wa ɗan Danmak shugabanci.

Idan muka buɗe Ayyukan Manzanni sura 15, za mu ga cewa wannan hanya tsohuwa ce. Gardama ta tashi a Antakiya a kan kaciya. Ba su ɓoye ta ba, suka aika wakilai Urushalima. Manzanni da dattawa suka zauna, aka yi muhawara mai zafi. Bitrus ya yi magana, taro ya yi shiru ya saurari Barnaba da Bulus, Yakubu ya auna batun da Nassi. Sa'an nan suka rubuta shawarar, suka zaɓi Yahuza da Sila su kai ta, su kuma bayyana ta da baki. A sura 6 ma, da gunaguni ya tashi a kan rabon abinci ga gwauraye, jama'a ne suka zaɓi mutum bakwai, manzanni suka ɗibiya musu hannu.

To, ina rabonmu a ciki? Dattijon da zai wakilce mu gobe, a ikkilisiyar gida ake zaɓensa, sau da yawa bayan sujada, lokacin da yawancinmu mun riga mun fita. Mu riƙa tsayawa. Mu nemi kundin tsarin mulkin ekklesiya mu karanta shi a Zumuntar Matasa. Idan ma'aji yana karanta rahoton kuɗi, mu kasa kunne, mu yi tambaya cikin ladabi. Ranar zaɓe mu duba halin mutum da tsoron Allah da yake da shi, kada mu tambayi yarensa ko garinsu. Idan shawara ba ta yi mana daɗi ba, akwai hanyar kai kuka ta wurin shugabanninmu. Zagin bishop ko fasto a Facebook bai taɓa gyara ƙuduri ko ɗaya ba. Mu kuma tuna cewa taron kwamitinmu na matasa makaranta ce. Yadda muke rubuta rahoton taro, da yadda muke bi da wanda ya sha kaye a ƙuri'a, haka za mu yi ranar da aka tura mu Babbar Majalisa.

Mu yi addu'a: Ya Ubangiji, Shugaban Ekklesiya, mun gode maka domin iyayen da suka ɗauki wannan kaya kafin mu. Ka ba shugabanninmu hikima da kunnen sauraro. Ka warkar da inda aka ji rauni. Ka koya mana faɗin gaskiya cikin ƙauna, domin shawarwarinmu su gamshe ka. A cikin sunan Yesu. Amin.