Kofin Gahawa a Hanya Mai Lamba 40

A watan Yunin 1961, Adam Malick Sow ya taso daga New York a mota ya nufi Washington. Shi ne jakadan da Chadi ta tura Amurka, ƙasarsa kuwa ba ta cika shekara da samun 'yancin kai ba. Abin da ya fito da shi shi ne miƙa takardun kama aiki ga Shugaba John Kennedy. Da suka shiga jihar Maryland, a kan babbar hanya mai lamba 40, sai ya tsaya a wani gidan abinci mai suna Bonnie Brae don ya sha gahawa. Matar da ke wurin ta ce ba a sayar wa baƙar fata. Aka yi mata bayanin ko wane ne, ba ta canza magana ba. Da 'yan jarida suka tambaye ta daga baya, cewa ta yi ita ba ta ga alamar jakada ba, baƙin mutum kawai ta gani irin waɗanda ta saba gani.

A ganina maganar matar nan ta fi duk takardun ban haƙurin da suka biyo baya faɗin gaskiya. Ba kuskure ta yi ba. Abin da aka saba yi wa miliyoyin 'yan ƙasar kullum shi ta yi wa baƙo, kuma babu dokar da ta hana ta. Bambancin kawai shi ne wannan baƙon yana da gwamnati a bayansa, gwamnatin kuma tana da ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta fito tana kiran kanta jagorar ƙasashe masu 'yanci, tana gasa da Tarayyar Sobiyet a abin da aka sani da Yaƙin Cacar Baka. Amma a jihohinta na kudu, makaranta da asibiti da kujerar motar haya, har famfon shan ruwa, an raba su bisa launin fata. 'Yan Mosko ba sa buƙatar ƙirƙiro ƙarya, jaridun Amurka kawai suke ɗauka su fassara. Gwamnati ta san da haka tun da wuri. A Disambar 1952, lokacin da ake shari'ar wariya a makarantu, Ma'aikatar Shari'a ta rubuta wa Kotun Ƙoli cewa wariyar launin fata tana ba 'yan kwaminis abin farfaganda, ta haɗa da bayanin sakataren harkokin waje Dean Acheson kan irin ɓarnar da hakan ke yi wa ƙasar a waje. Da kotun ta haramta wariyar a ranar 17 ga Mayun 1954, a shari'ar Brown, Muryar Amurka ba ta bari labarin ya kwana ba, a ranar ta watsa shi ga duniya.

Hukunci daban, aiki da shi daban. A Satumbar 1957, gwamnan Arkansas Orval Faubus ya sa dakarun jiha suka tare ƙofar wata sakandare a Little Rock don hana ɗalibai baƙaƙe tara shiga. Hotunan suka zagaya duniya. Shugaba Eisenhower, wanda ba a san shi da zafi kan batun 'yancin baƙar fata ba, ya tura sojojin tarayya su raka yaran. A jawabinsa ga 'yan ƙasa ya fito fili ya ce abokan gaba suna murna da abin da ya faru, suna amfani da shi wajen ɓata sunan Amurka.

Ƙurar ba ta lafa ba, a watan Oktoba, ministan kuɗin Ghana Komla Gbedemah ya tsaya a wani reshen Howard Johnson's a garin Dover na jihar Delaware ya nemi lemo. Aka ce in zai saya ya tafi da shi to, amma ba zai zauna ya sha a ciki ba. Mutumin da 'yan watanni kafin nan ya karɓi baƙuncin mataimakin shugaban Amurka Richard Nixon a gidansa da ke Accra! Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House don a wanke laifin. Aka ci aka sha, aka ɗauki hoto, dokar jihar kuma tana nan yadda take.

Shekarar 1960 ita ta mayar da abin babba. Ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yancin kai a shekarar, ciki har da Nijar da Chadi da Najeriya. Kowace tana tura wakilai Majalisar Ɗinkin Duniya a New York da kuma ofishin jakadanci a Washington, hanyar mota tsakanin biranen biyu kuwa dole ta bi ta lamba 40. Kafin Sow, an riga an kori William Fitzjohn na Saliyo daga wani gidan abinci a Hagerstown, duk a Maryland. Koke ya yi ta zuwa. Ma'aikatar Harkokin Waje ta buɗe wani sashe na musamman ƙarƙashin wani matashi, Pedro Sanjuan, aikinsa ba jakadu haƙuri, nema musu gidan haya a unguwannin da ba a ba baƙaƙe, da bin masu gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya ana roƙonsu.

Shi kansa Kennedy da fari bai ɗauki abin da nauyi ba. Harris Wofford, mai ba shi shawara kan 'yancin jama'a, ya ba da labarin cewa shugaban ya tambayi jami'insa ko ba za a gaya wa jakadun nan su daina bin hanyar ba, su riƙa hawa jirgi. Wato maimakon a gyara gida, a canza wa baƙo ƙofar shiga.

Waɗanda suka fi kowa gane wannan su ne baƙaƙen Amurka. A watan Agustan 1961, wasu 'yan jaridar Afro-American ta birnin Baltimore suka yi hayar doguwar mota, suka sha manyan kaya, suka ce su jami'ai ne daga wata ƙasar Afirka mai suna Goban. Babu wata ƙasa mai wannan suna. Suka bi gidajen abincin hanyar, a wurare da dama aka karɓe su aka ba su abinci. Mutanen da aka haifa a ƙasar, suke biyan haraji a cikinta, sai da suka yi shigar baƙi kafin a ba su kujera. Jaridar ta buga labarin da hotuna. Abin dariya ne, amma irin dariyar da ke barin ɗaci a baki.

Sanjuan, a yaba masa, ya fahimci cewa ba za a iya ware jakadu a yi musu doka tasu ba. A Satumbar 1961 ya tsaya gaban 'yan majalisar Maryland ya roƙe su su haramta wariya a wuraren cin abinci ga kowa, abin da ba a saba ganin Ma'aikatar Harkokin Waje ta yi ba, tsoma baki a dokar jiha. Ƙungiyar CORE kuma ta sanar da cewa za ta cika hanyar da masu zanga-zanga a Nuwamba, sai gidajen abinci da yawa suka yi alkawarin buɗe ƙofa. Majalisar jihar ta ja ƙafa har 1963, dokar da ta yi ma ba ta game duk yankunan jihar ba.

Kada mai karatu ya ɗauka jakadu ne suka kawo wa baƙaƙen Amurka 'yanci. Masu ƙaurace wa motocin haya a Montgomery, da ɗaliban da suka zauna a kantin Greensboro a 1960 suka ƙi tashi, da yaran Birmingham da aka saki wa karnuka da ruwan kwana-kwana a Mayun 1963, su suka biya kuɗin da jikinsu. Abin da idon duniya ya ƙara shi ne tsada: ya sa shirun fadar shugaban ƙasa ya zama asara. A watan da aka yi abin Birmingham, shugabannin Afirka suna Addis Ababa suna kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, kuma sun saka damuwarsu kan wariyar Amurka cikin ƙudurorinsu. Ranar 11 ga Yuni Kennedy ya yi jawabin neman sabuwar doka. A Yuli, sakataren harkokin waje Dean Rusk, ɗan jihar Georgia ta kudu, ya je gaban kwamitin Majalisar Dattawa ya goyi bayanta da hujjar martabar ƙasa a waje.

Damuwa da suna kuma ba ta hana gwamnatin yin abin da ta ga dama a inda kyamara ba ta kai ba. Ita ce ta ƙwace fasfon mawaƙi Paul Robeson a 1950 saboda yana faɗa wa duniya abin da ake yi a gida. Ita ce ta hana W.E.B. Du Bois zuwa bikin 'yancin Ghana a 1957. Binciken Majalisar Dattawa na 1975 ya tabbatar da cewa hukumar CIA ta shirya kashe Patrice Lumumba na Kwango da guba a 1960, ko da yake wasu ne suka kashe shi a Janairun 1961. Watanni kaɗan bayan haka ake ba jakadan Chadi haƙuri kan kofin gahawa.

Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Jama'a ranar 2 ga Yulin 1964, wadda ta haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci a duk faɗin ƙasar. Kennedy bai ga ranar ba. Amma ya ga wani abu: ranar 14 ga Nuwambar 1963 ya tsaya a kan iyakar Maryland da Delaware ya yanke ƙyallen buɗe sabuwar babbar hanya, wadda ta zama ɓangaren I-95, tana tafiya kusa da lamba 40 ba tare da ta bi ta gaban gidajen abincinta ba. Kwana takwas bayan haka aka harbe shi a Dallas, aka sa wa hanyar sunansa. Motoci suka koma can, ciniki ya ja baya a tsohuwar hanya.