Haƙoran da Suka Gyara Tarihin Masu Shayarwa

Yau za mu leƙa garin Stonesfield da ke kusa da Oxford a Ingila, inda a da ake haƙo duwatsun rufin ɗaki. A farkon ƙarni na 19 aka tono wasu ƙananan muƙamuƙai a can, da haƙoransu a jere, a cikin irin dutsen da aka samu ƙasusuwan katafaren dainoso mai suna Megalosaurus.

A lokacin, masana sun ɗauka cewa dabbobi masu shayarwa ba su bayyana ba sai bayan shuɗewar zamanin manyan masu jan ciki. Amma da masanin Faransa Georges Cuvier ya ziyarci Oxford a 1818, ya duba ɗaya daga cikinsu, sai ya ce na mai shayarwa ne. William Buckland ya wallafa wannan a 1824, gardama ta kaure. A 1838 Henri de Blainville ya musanta, ya ce na mai jan ciki ne, Richard Owen kuwa ya tsaya kan maganar Cuvier.

Me ya raba gardamar? Haƙoran ne. Na kada kusan iri ɗaya ne, kowanne da saiwa guda, kuma yana ta sauya su har ya mutu. Mu kuwa muna da na gaba, da fiƙa, da turame masu saiwa biyu ko fiye, kuma sau ɗaya muke famfara. Shi ya sa na sama da na ƙasa ke haɗuwa daidai su niƙa abinci. Turamen Stonesfield saiwa biyu gare su.

A 1949 Walter Kühne, Bajamushe, ya raɗa wa wata dabba suna Morganucodon daga haƙorin da ya samo a Wales. Ba ta wuce jaɓa girma ba, kuma ta rayu kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce. Kamar yadda dillali ke buɗe bakin sa ya gane shekarunsa, a 2020 masana suka ƙirga zobban da ke saiwar haƙoranta, suka gano tana iya kai shekara 14. Wannan ya yi wa mai ɗumin jini mai irin girmanta yawa, alamar jikinta bai kai na jaɓar yau zafi ba.

Ashe dangin masu shayarwa sun zauna tare da dainoso fiye da shekara miliyan 130, kafin manyan su ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce.